Kwana Ukun da Liman Ya Ba Yayana

Yayana ya dawo gida da tsakiyar damina, shekara ashirin da 'yan kai bayan an kama shi. Ni na fito da shi daga wancan ƙetaren, ban kuwa san shi ba ne. Sana'ata ke nan a lokacin, fito da kamun kifi, a mashigin ƙauyenmu da ke bakin kogi tsakanin Haɗeja da Auyo. Ya shigo jirgina tare da wasu fatake uku, ya zauna can gaba, ya rungume wata jakar fata a ƙirji. Gemunsa ya soma furfura, rigarsa kuma ba ɗinkin ƙasarmu ba ce.

Sai da muka kai tsakiyar ruwa ya juyo ya ce, "Mai jirgi, matar nan mai saƙar tabarma ta gidan bayan tsamiya, tana da rai?"

Na ce, "Tana nan. Ai mahaifiyata ce."

Ya dube ni ya daɗe. Sannan ya ce, "Auta ne?"

Sandar tuƙi ta kusa suɓuce mini. Jirgin ya juya da mu, fataken suka hau salati suna riƙe kayansu. Da ƙyar na kai mu gaɓa.

An kama shi ne a shekarun da yaƙi ya hana ƙasar Haɗeja sakat, lokacin da mahara kan faɗo wa ƙauye da hantsi su kwashe wanda suka samu. Ina da shekara tara, shi kuma ya tasa, yana bin mahaifinmu su. Ranar da suka zo, kowa ya watse cikin fadama. Da yamma aka dawo aka ƙirga, babu Yaya, babu wasu samari biyu. Mahaifinmu bai shekara biyu ba bayan haka ya rasu. Inna kuwa, da yake ɗan farinta ne, ko da yana nan ba ta kiran sunansa, to bayan an tafi da shi ma ba ta taɓa tayar da maganarsa ba.

Da na shigo da shi gida tana tankaɗe. Ta ɗaga kai ta gan shi, ta ajiye rariya, ta shiga ɗaki ta zauna a bakin gado. Ya bi ta ya durƙusa a ƙofa. Ni ta kira ta ce, "Auta, ka ce wa matarka ta ɗora ruwan wanka, a kama zakaran nan."

Kwana bakwai gidanmu bai rabu da mutane ba. Har daga Kaugama aka zo ganinsa. Ya ba da labari daidai gwargwado: yadda aka sayar da shi kasuwa bayan kasuwa har ƙasar Nufe, aka gangara da shi kogi zuwa bakin teku, aka zuba su cikin wani ƙaton jirgi. Wasu Nasara suka tare jirgin a ruwa, suka kwance su, suka sauke su a wani gari na 'yantattun bayi. A can ya koyi sassaƙa, ya yi aure. Daga baya suka hauro wani gari inda manyan kogunan kudu biyu suka haɗu, matar ta rasu ba su samu haihuwa ba, shi ne ya biyo fatake ya taho.

Cikin masu zuwa har da Baffa, ƙanen mahaifinmu. Dattijo ne mai gonakin shinkafa da gida cike da 'ya'ya, 'yarsa kuma tana auren bulaman ƙauyenmu. Ya tsaya daga bakin zaure ya yi barka, ya ce ƙafa ke damunsa, ya juya. Ban kawo komai a raina ba.

Abin da na fara lura da shi salla ce. In an kira, Yaya sai ya tashi ya zaga bayan gida. Kwanakin farko na ce gajiyar hanya ce. Da aka fara tambayata a masallaci, na ce ciwon gwiwa yake yi, a ɗaki yake yin tasa. Ranar Lahadi kuma ba ya taɓa aiki. Sai ya tafi gindin wata goruba a bakin gonarmu, ya ciro wani ɗan littafi daga jakar nan, ya yi ta karatu, wani lokaci har da waƙa ƙasa-ƙasa. Inna ta sa aka yi masa laya, ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya, na ga bai ɗaura ba.

Wata rana da azahar muna gyaran taru a inuwa, na tambaye shi kai tsaye.

Ya ce, "Na ji ka gaya wa mutane gwiwa ke damuna. Kada ka ƙara, Auta. Gwiwata lafiya lau. Ni mai bin Almasihu ne. An yi mini wankan shiga addinin tun ina bakin teku."

Na waiga na ga ko akwai mai ji. Na ce, "Yaya, ka san inda kake kuwa?"

"Na sani. Gida nake."

Ya buɗe mini littafin. Ni na yi allo har na sauke, amma waɗannan baƙaƙe ban taɓa ganinsu ba, daga hagu ma ake faro su. Ya ce wani yanki ne na Linjila, da Hausa aka rubuta shi. Ya karanta mini kaɗan. Hausar wani iri, kamar ta baƙon da ya koya da girma, amma ana ganewa.

Daga ranar, in muna aiki mu biyu, yakan ba ni labarin jama'arsu, wadda yake kira ikilisiya. Ya ce a can ranar Lahadi sukan taru a wata rumfa, Banufe da Bayarabe da Babarbare da Bahaushe, duk wanda aka kwanto daga igiya. A karanta littafi, a yi waƙa, a gutsura gurasa guda kowa ya ci, a sha daga ƙoƙo guda. Kafin a ci kuwa, duk mai riƙe da wani a zuci sai ya tashi ya je ya shirya da shi tukuna. Ya ce da matarsa ta kwanta ciwo, matan ikilisiya ne suka yi ta karɓa-karɓa a kanta har ta cika, babu wadda suka haɗa yare da ita.

Ya ce, "Abin da ya fi damuna a nan ke nan. An hore mu kada mu bar taruwa. Ko mutum biyu ne ko uku, in sun taru da sunansa, yana tare da su. Ni kuwa ga ni ni kaɗai a gindin goruba."

Na ce, "To me ya dawo da kai?"

Ya ce, "Inna. Da kuma wata magana da ban gama ba."

Bai faɗa mini maganar ba sai bayan kamar kwana goma. Ruwa ya riga ya hau, shinkafa ta nutse har wuya. Ya same ni a mashigi da la'asar ya ce in raka shi gidan Baffa.

"Na je ni kaɗai shekaranjiya, ya kore ni. A koyarwarmu, in ɗan'uwanka ya yi maka laifi, kai kaɗai za ka fara samunsa, daga kai sai shi. In bai saurare ka ba, ka koma da mutum ɗaya ko biyu. Kai ne mutum ɗayan."

"Wane laifi?"

Ya zauna a bakin jirgi ya gaya mini. Ranar da mahara suka zo, shi da samarin nan biyu sun shige cikin ciyawar fadama, ruwa har ƙirji, babu mai iya ganinsu. Maharan suka kama Baffa a kan tudu da ɗansa na fari a kafaɗa. Yaya yana hangensu ta tsakanin ciyawa. Suka sa wa Baffa mashi a wuya suka yi magana da shi. Baffa ya ɗaga hannu ya nuna daidai inda suke. Aka sake shi da ɗansa, aka shigo ruwa aka fito da su uku.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Akwai wata adda da nake ajiyewa a jirgi don sare ciyawa, na ga tana hannuna. Yaya ya riƙe ni.

"Ajiye. In da wannan za ka je, zauna, na fasa."

"Shekara ashirin! Baba ya mutu da baƙin cikinka, wannan mutum yana zaune a gaban gawarsa yana karɓar gaisuwa!"

"Na sani. Shekara nawa ina kwana ina tashi da hannun nan nasa a idona. Har na fasa cin gurasar nan sau da yawa saboda shi. An ce mana mu yafe kamar yadda aka yafe mana, mu ƙaunaci wanda ya cuce mu, mu yi masa addu'a. Ba a ce abu ne mai sauƙi ba. Ni dai ina so in faɗa masa a gaban idonsa cewa na gani, na kuma yafe. Shi ke nan."

Muka tarar da Baffa shi kaɗai a zaure yana jan carbi. Muka durƙusa muka gaishe shi. Ya amsa yana kallon ƙofa. Yaya ya yi magana a hankali, bai ɗaga murya ba. Ya ce ya san mashi ne a wuya, ya san akwai yaro a kafaɗa, shi ma bai san abin da zai yi ba in da shi ne. Ya ce bai zo neman komai ba.

"Baffa, na yafe maka duniya da lahira. Na kawo Auta ne don ya zama shaida."

Carbin ya tsaya. Na ɗauka kuka zai yi. Sai ya ce, "Wa ka gaya wa?"

"Auta kaɗai."

"Ƙarya kake yi. Ban nuna kowa ba. Ka je ka sha ruwan arna ka dawo za ka ɓata mini suna da tsufana? Kai da ko goshinka ba ka kai wa ƙasa, kai ne mai yafe wa mutane? Ku tashi ku ba ni wuri."

A hanya na ce, "To sai me kuma littafin ya ce? In ya ƙi mutum biyu fa?"

Ya ce, "Sai a kai wa ikilisiya."

"To mu kai wa jama'a. Gobe bayan sallar asuba zan miƙe in faɗa."

"A'a. Ikilisiya tana jin magana ne don ta dawo da mai laifi. In ka faɗa a nan, dangin samarin nan biyu suna garin nan. Ka san abin da za su yi masa. Ban yi tafiyar wata huɗu don in sa a kashe ƙanen ubana ba."

Baffa bai jira mu ba. Kwana biyu tsakani aka aiko daga gidan bulama ana kiran Yaya. Da muka isa da hantsi, ƙofar gidan ta cika, har kan katanga. Bulama yana kan buzu, Baffa a damansa. A hagu kuma limaminmu ne, wani tsoho siriri wanda kakanninsa suka zo daga Barno, a wurinsa na yi karatu. Bulama ya ce an kawo ƙara cewa akwai wanda ya bar addini a garin nan, yana kuma ɗauke da littafin sihiri. Ya miƙa maganar ga liman.

Liman ya ce, "Ɗana, matso. Wane ne Ubangijinka?"

"Allah ya gafarta Malam, Allah ɗaya, wanda ya yi sama da ƙasa."

"Madalla. Me ya hana ka salla da mu?"

Na sunkuyar da kai ina roƙon Allah ya sa ya ce gwiwa. Ya ce, "Ina addu'a safe da yamma, amma ba irin taku ba. Ni na ba da gaskiya ga Almasihu. Na gaskata ya mutu domin zunubaina, ya kuma tashi."

Wuri ya ɗauki salati. Wani daga baya ya ce a ɗaure shi. Baffa ya ɗaga murya ya ce, "Kun ji da kunnenku. Ɗan wana ne, amma ba zan rufa masa ba."

Jin haka na yunƙura zan tashi. Maganar tana bakina. Ga yayan ɗaya daga cikin samarin nan biyu da aka kama yana tsaye kusa da ni, ƙato, da gatari a kafaɗa don daga gona aka kira shi. Yaya bai ko waigo ba, ya miƙo hannu ta baya ya damƙe wuyan hannuna. Hannun mai sassaƙa ne, sai da na ji ƙashina. Na koma na zauna.

Liman ya ɗaga hannu aka yi shiru. Ya karɓi littafin, ya juya shi, ya buɗe, ya mayar masa. "Karanta mini inda hannunka ya faɗa."

Yaya ya karanta. Wurin yana magana ne a kan kada mutum ya yi sadaka don a gani, kada ya tsaya addu'a a bainar jama'a don a yabe shi, in kuma yana azumi kada ya ɓata fuska. Ya ci gaba har inda aka ce wanda bai yafe wa mutane ba, shi ma ba za a yafe masa ba. Liman ya saurara da idonsa rufe.

Ya ce, "Wannan ba sihiri ba ne. Amma abin da ka faɗa da bakinka, ka faɗa. An haife ka cikin Musulunci, an raɗa maka suna, ni na yanka ragon. Hukuncin wanda ya fita sananne ne, ba kuwa ni na sa shi ba. Ana ba shi kwana uku ya sake tunani, ba a hana shi ci, ba a hana shi sha, ba a dukansa. Kwana uku daga yau, bayan la'asar, ka zo nan ka ba ni amsa. In ka dawo, kai ɗanmu ne. In ka ƙi, sai in aika wa alƙali a birni."

Baffa ya ce, "A sa shi a mari kafin nan."

Liman ya ce, "Ban ce ba."

Ranar farko babu wanda ya shiga jirgina. Mutane suka gwammace su zaga mashigin gaba. Matan da kan zo sayen tabarma ba su zo ba. Matata ta dawo daga rijiya tana kuka, ta ce da ta ajiye tulu kowa ya janye nasa. Wasu samari suka zauna a gindin tsamiya daura da ƙofarmu, ba su tashi ba sai magariba. Yaya kuwa ya wuni yana gyara wa Inna ƙyauren ɗakinta da ya daɗe da karyewa.

Na same shi a nan na ce, "Yaya, kalma ce fa. Ka faɗe ta, ka tsaya a sahu, abin da ke zuciyarka wa zai leƙa? Ka yi karatunka a ɗaki. Ni zan tsare maka ƙofa."

Ya ajiye gizago. "An hore mu i ɗinmu ya zama i, a'a ya zama a'a. In na tsaya a sahunku ina riya wani abu daban, na yi wa Allah ƙarya, na yi wa liman ƙarya, na kuma raina sallarku. Ka so haka?"

"Na fi son ka da rai."

"Ni ma ina son raina, Auta. Kada ka ga ina sassaƙa ka ce ba na jin tsoro. Akwai wani cikin manyan almajiran Almasihu da ya rantse ba zai taɓa gudu ba, da aka matsa masa sai ya ce bai ma san shi ba, har sau uku. Daga baya ya fita ya yi ta kuka. Kullum ina tuna shi. Ban fi shi ƙarfi ba. Ina dai roƙo kada a bar ni ni kaɗai ranar."

Kashegari da hantsi ina zaune a jirgi babu kowa, sai ga liman da sandarsa. Ya ce in kai shi ƙetare, zai duba wani mara lafiya. Na riƙe shi ya shiga. Sai da muka yi nisa da gaɓa ya fara magana.

"Ruwan bana ya yi yawa," in ji shi.

"Ya yi, Allah ya gafarta Malam."

"Doki ba ya bin fadama yanzu. Ko na aika birni, sai an kwana biyu kafin dogarai su samu hanya." Ya kalli wasu agwagin ruwa. "Kwana uku na ce. Ban sa kowa gadinsa ba, littafi bai ce in sa ba. In ya zo gabana gobe ya maimaita abin da ya faɗa, hannuna a ɗaure yake. Ka ji ni?"

"Na ji."

"Ina da shekara saba'in da wani abu, ban taɓa sa hannu a jinin mutum ba. Ina roƙon Allah ya shirye shi, amma shiriya sai mai rai." Ya gyara zama. "Me ke tsakaninsa da baffanku?"

Na ce, "Ya hana ni faɗa."

Ya dube ni, ya gyaɗa kai, bai ƙara tambaya ba.

Na koma gida na faɗa wa Yaya a gaban Inna. Na tambaye shi ko littafinsa ya hana gudu. Ya ce bai hana ba, an ma ce in an tsananta maka a wani gari ka tafi wani. Amma shi bai dawo don ya sake barin Inna ba.

Inna tana saƙa, ba ta ɗaga kai ba. Ta ce, "Auta, gaya wa yayanka, wancan karon ban san inda aka kai shi ba, ban san ko yana da rai ba. Wannan karon ina so in sani. Ya koma wurin mutanen da suka yi jinyar matarsa." Ta ja zaren kaba ta ƙulla. "Ka ce masa ni ban gane addinin nan nasa ba, ba kuma zan bi shi ba. Amma ba zan zauna a kawo mini labarinsa daga kasuwar birni ba."

Yaya ya kifa kai a gwiwa ya yi kuka kamar yaro. Tun da ya dawo ban ga hawayensa ba sai ranar.

Ran na uku da safe matata ta toya waina. Yaya ya roƙa mu ci tare, mu uku, a akushi guda, abin da ba a saba ba a gidanmu. Ya ce ba irin cin nan nasu na ikilisiya ba ne, abinci ne kawai, amma yana so. Inna ta sauko daga gado ta zauna. Ya yi addu'arsa, muka yi bisimilla. Cikin addu'ar na ji ya ambaci liman, ya ambaci Baffa. Ban ce amin a wannan ba.

Muka fita da rana tsaka, da taru a kafaɗa kamar masu zuwa su. Jakarsa tana cikin kwandon kifi, da ƙullin garin gero da Inna ta ɗaura. Samarin gindin tsamiya suka bi mu da ido. Ɗaya ya tashi ya nufi gidan bulama da sauri. Ban waiga ba. Na tura jirgi, na bar babban kogi, na shiga wata 'yar hanyar ruwa da ke ratsa gonakin shinkafa ta ɓulla kudu, wajen hanyar Katagum inda fatake ke bi.

Hanyar ƙunci gare ta, jirgi biyu ba sa wucewa sai ɗaya ya raɓe. Mun yi tafiya kamar ta rabin zango, muna karya wata kwana, sai ga jirgi a gabanmu ya gindaya. Babban ɗan Baffa ne, wanda yake kafaɗarsa a waccan ranar, yanzu magidanci. Yana da mashin kifi a hannu. Na tsayar da jirgi. Babu hanyar komawa da sauri, babu ta wucewa.

Ya ce, "Ina zuwa?"

Na buɗe baki zan ce kamun kifi za mu, Yaya ya riga ni. "Tafiya zan yi, ƙanena. Ba zan dawo ba."

Ya dube mu, ya dubi kwandon. Na ƙara riƙe sandar tuƙi da hannu biyu. Sauro yana cizona a wuya ban iya korarsa ba.

Can ya ce, "Tun asuba Baba ya turo ni nan. Ya ce in na gan ku, in kauda kai." Ya soka mashin cikin laka ya ja jirginsa cikin shinkafa. "Ban san me ke tsakaninku ba. Kwana uku ke nan bai ci abinci ba."

Yaya ya ce, "Ka gaishe shi. Ka ce masa maganar da na faɗa masa tana nan yadda take."

Muka wuce, gefen jirginmu yana gugar nasa. Har yau ban sani ba ko tausayi ne ya sa Baffa ya yi haka, ko kuwa so yake maganar ta yi nisa da garin.

Mun isa tudun da fatake ke sauka rana ta yi sanyi. Muka sami ayarin masu kanwa za su kudu, madugun ya yarda ya bi su. Yaya ya rungume ni, ya ce in riƙe salla da gaskiya tunda ita na gaskata, in kula da Inna, kada kuma in taɓa Baffa ko da baki. Na ce na ji na farko da na biyu. Ya yi dariya, ya ɗauki jakarsa.

Da na koma kashegari, bulama ya yi faɗa, ya ce zai ci ni tara. Liman ya ce shi mutum ya ba kwana uku, mutumin kuma ba ya nan, ba shi da abin da zai aika birni. Maganar ta mutu a hankali. Kafin kaka mutane sun dawo jirgina.

Sau ɗaya muka ji labarinsa. Wani mai fataucin goro ya kawo wa Inna turmin zane, ya ce wani masassaƙi ne ya ba shi a garin da kogunan suka haɗu, ya ce a gaya mata yana lafiya, yana cikin 'yan'uwa.

Baffa ya yi shekara uku bayan haka. Ban tona shi ba, amma ban ƙara taka zaurensa ba, in mun haɗu a hanya sai in sauya gefe. Ranar da ya rasu ina zaune a gida na ƙi fita. Inna ta leƙo ta ce, "Tashi ka je. Ƙanen ubanka ne." Na tashi na je. Da ni aka haƙa kabarin, da ni aka ɗauki makara, ina kusa da babban ɗansa a sahu. Da aka ce a yafe wa mamaci, kowa ya ce ya yafe. Ni bakina ya yi nauyi, sai da aka fara watsewa na faɗa, a hankali, ban kuma tabbata har zuci ba ne.